Kurɓin Shayi a Littafin Purust

A shekarar 1913 wani Bafaranshe, Marsel Purust, ya fitar da kashin farko na wani dogon labari wanda ya kai littafi 7. A ciki, mai ba da labarin ya komo gida ran nan cikin hunturu, rai a ɓace. Uwarsa ta ba shi shayi da ɗan kek. Ya tsoma, ya kai baki, sai wani daɗi ya lulluɓe shi, bai san mafarinsa ba. Ya sake kurɓa, daɗin ya ragu. Ya yi ta laluben dalili, a banza. Can sai ga gwaggonsa a zuci, wadda ta kan ba shi irin wannan kek ran Lahadi da safe yana yaro. Ga gidan, ga lambun, ga garin duka.

A nan Purust ya yi gwaninta, don ya sa murna ta riga sani isowa. Haka abin ya ke: wanda ya shaƙi ƙamshin ruwan fari ya kan yi murmushi tun bai tuna gonar ubansa ba. Aibinsa yawan bayani. Ya tsaya yana ta feɗe daɗin nan, har mai karatu ya ƙosa, shayin kuwa ya huce.