Babin da Ke Bakin Gada

Darasin zama ɗan ƙasa a kwalejoji da lise-lisen Nijar yana da wata lalura da lissafi ba shi da ita: abin da aka haddace yakan riga ɗalibin barin makaranta. Daga 1989 zuwa 2010 ƙasar ta yi kundin tsarin mulki shida. Na ƙarshen ma sojoji sun jingine shi a Yulin 2023, shekarar da aka sauya taken ƙasa. Yaron da ya biya ayoyin kundi da Faransanci kamar karatun allo, me ya rage a hannunsa?

Babin da bai tsufa ba yana Gaweye, a Yamai, inda gadar Kennedy ta sauka kusa da gidan tarihi na Boubou Hama. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka taso daga jami'a, hayin kogi, suna adawa da tsuke kuɗin ilimi. Jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar, uku suka rasu. Kafin shekarar ta ƙare Janar Ali Shaibu ya amince da tsarin jam'iyyu barkatai, Babban Taron Ƙasa kuma ya buɗe ranar 29 ga Yulin 1991, ƙungiyar ɗalibai ta USN tana cikin masu faɗa a ji.

Wannan babi yana da wuyar zama a allo, domin yana nuna haƙƙi a matsayin abin da aka ƙwato, darasin aji kuwa ya fi sabawa da wajibi: girmama tuta, biyan haraji, ladabi ga hukuma. Ɗalibai da kansu suka riƙe tunawa da ranar, ƙanne suna jin labarin daga bakin yayyensu.