Daga Wasiƙar Fatake zuwa Saƙon Murya: Tarken Hausar Ciniki a Salaga da Yendi da Bawku

1.0 Gabatarwa

Duk shekara idan aka zo zaɓen batun kundin digiri na farko, ba a rasa ɗalibi biyu ko uku da za su kawo take mai kama da "Illar Kafafen Sada Zumunta ga Harshen Hausa". Tsarin aikin ma kusan ɗaya ne. Za a tsinto saƙonni hamsin daga Facebook ko WhatsApp, a ja layi a ƙarƙashin duk inda aka rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", ko aka haɗe "ya zo" ya koma "yazo", sannan a yanke hukunci cewa intanet ta kashe Hausa. Wannan takarda tarke ce a kan wannan hukunci. Za ta auna shi da Hausar da ake ciniki da ita a garuruwa uku na arewacin Gana, wato Salaga da Yendi da Bawku, domin a can ne rauninsa ya fi fitowa fili. Hujjar takardar ita ce, mai nazarin da ya tsaya a kan ƙa'idojin rubutu kawai ya bar ainihin matanin a baya, domin mafi yawan cinikin da ake ƙullawa da Hausa ta waya a waɗannan wurare da baki ake yin sa, cikin saƙon murya.

2.0 Hanyar Gwanja da wasiƙarta

Kafin a zo kan waya, ya kamata ɗalibi ya san yadda Hausa ta je can. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Sansanne Mango da Yendi, ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta watanni, madugu ke jagorantarta. Ana kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, a dawo da goron da ya fito daga dazukan Asante. Lovejoy (1980) ya yi bayanin wannan fatauci dalla-dalla, musamman rawar da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka taka. Kada kuma a ɓoye cewa Salaga babbar kasuwar bayi ce a wancan zamani. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 goro ya fara sauya hanya, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa jama'ar garin zuwa wurare irin su Kete-Krachi da Yeji da Kintampo.

Ciniki mai nisa irin wannan ba ya yiwuwa sai da hanyar aika magana. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ce ɗaya daga cikin ayyukan farko na Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Imam Umaru, littafi ne na koyar da rubuta wasiƙa. An haife shi a Kano wajen 1858, mahaifinsa bafatake ne mai zuwa Gwanja, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Littafin, mai suna al-Sarha al-Wariƙa fi Ilm al-Wathiƙa, da Larabci ya rubuta shi a 1877, yana saurayi. Abin lura a nan shi ne, tun a lokacin an ɗauki wasiƙa a matsayin fanni mai ƙa'idoji da ake zama a koya: yadda ake buɗewa, da irin laƙabin da ya dace da kowane mutum, da inda buƙata ke shigowa, da yadda ake rufewa. Wasiƙar Hausa ta ajami, da ta boko daga baya, duk wannan ƙashin baya suka gada. Duk wanda ya taɓa rubuta wa kakarsa wasiƙa ya san "bayan gaisuwa mai yawa" da "haza wasalam".

Sai dai wasiƙa tana da sharaɗi mai nauyi. Wanda bai iya rubutu ba dole ya je wurin malami ya faɗi sirrinsa, wanda aka aika wa shi ma ya nemi mai karanta masa. Haka abin ya ci gaba har zamanin da ake ba direban mota takarda a tasha ya kai Kumasi.

3.0 Ma'aunin da bai dace ba

Daidaitacciyar Hausar da muke koyarwa ta ginu ne a kan karin Kano, kuma ƙa'idojin rubutunta sun samu ta hanyar Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Ɗan makaranta a Nijeriya ko Nijar yana iya haɗuwa da waɗannan ƙa'idoji a aji. A Gana labarin daban ne. Gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa, amma Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyar da su a makarantu, irin su Tuwi da Ewe da Dagbani da Gwanja. Saboda haka mutumin Yendi da ya tashi da Hausa a zango, in ya zo rubuta ta, da ƙa'idar Ingilishi ko ta Dagbani ko ta Tuwi zai rubuta, ko kuma da ajami in ya yi allo. Ta yaya za a ce ya karya dokar da ba a taɓa karanta masa ba?

Shaidar cewa wannan salon rubutu ya girmi intanet tana nan a allunan masu sayar da abinci a ko'ina cikin Gana. "Tuo zaafi" tuwo ne mai zafi, "koose" ƙosai ne, "waakye" kuwa daga wake ya fito, na shinkafa da wake. A rubutun Tuwi, haruffan "ky" sautin da muke rubutawa da "c" suke wakilta, don haka "wace" ake furta sunan abincin da dogon wasali. Wannan ya yi daidai da wata fitacciyar siffa ta Gananci, inda "ky" kan koma "c", "gy" kuma ta koma "j", a ji "cau" a gurbin "kyau", "jara" a gurbin "gyara". (Abin dariya, Bagane da ya saba da rubutun Tuwi in ya ga "kyau" a rubuce bisa ƙa'idarmu, da furucin garinsu zai karanta shi, kuma kowa ya gamsu.) Haka nan da yawa daga masu wannan kari ba sa bambanta "ɗ" da "d", ko "ƙ" da "k", a bakinsu ma, kuma jinsin mace ya raunana ƙwarai, har a ce "mota ya zo". Wanda ba ya furta lanƙwasa ba zai neme ta a madannan waya ba. Ɗalibin da ya lissafa waɗannan a matsayin ɓarnar intanet ya haɗa abubuwa uku wuri ɗaya: karin harshe, da rashin koyar da ƙa'ida, da gaggawar mai danna waya. Na ƙarshen ne kaɗai yake da alaƙa da kafar.

Wannan ba yana nufin rashin ƙa'ida ba ya jawo asara ba. A ɗauki saƙo mai kalma uku: "kudin ya bata". Ana iya karanta shi "kuɗin ya ɓata", ana kuma iya karanta shi "kuɗin ya ba ta". A karatu na farko an yi hasara, a na biyu an biya wata mata. 'Yan kasuwa sun san wannan haɗari tun kafin mu, kuma maganin da suka samo shi ne su bar rubutun su danna alamar makirufo.

4.0 Saƙon murya a matsayin matani

WhatsApp ya shigo da saƙon murya a 2013, kamfanin MTN kuma ya fara hidimar tura kuɗi ta waya a Gana tun 2009, wadda kowa ke kira Momo. Haɗuwar waɗannan biyu ita ce ta sauya cinikin nesa. Bawku, wadda ke kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, gari ne na Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi da sauransu, Hausa kuma na daga cikin manyan harsunan kasuwarta. An san ta da albasa, kuma wani kaso na albasar Nijar, irin ta Galmi, ta wannan yanki yake shigowa kafin ya wuce Kumasi da Akara. Yendi da Salaga kuwa ƙasar doya ce. Yanzu mai kaya kan ɗauki hoton buhuna ko tarin doya, ya bi shi da murya, kuɗi su biyo ta Momo. Ga misalin irin wannan saƙo, wanda aka tsara don koyarwa:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da asuba. Ina gajiya, ina iyali? Yaya kasuwa? To, madalla. Ni ne ɗanka na Bawku. Bayan gaisuwa, mota ta tashi jiya bayan la'asar, buhu tamanin, ashirin na Hajiya ne, an ɗaura musu jan zare. Direban yaron nan ne da ka sani. In ta sauka a sa mini miliyan biyar a Momo in sallami masu lodi. Allah ya ba da kasuwa. A gai da Hajiya."

Abu na farko da za a gani shi ne ƙashin bayan wasiƙa yana nan daram: sallama, gaisuwa, bayyana kai, buƙata, addu'a. Har "bayan gaisuwa" ta tsallako daga takarda zuwa baki. Amma akwai abin da wasiƙa ba ta yi. Mai magana ya yi tambaya, ya ɗan saurara, ya amsa wa kansa da "to, madalla", alhali babu kowa a ɗaya ɓangaren. Gaisuwar Hausa abu ce ta mutum biyu, shi kuwa ya ƙi yarda na'ura ta mayar da ita ta mutum ɗaya, sai ya ɗauki rawar duka biyun. A ganina wannan ɗan gurbi ya fi kuskuren rubutu ɗari cancantar nazari, domin a nan ne ake ganin nau'in magana yana neman wurin zama tsakanin hira da wasiƙa.

Na biyu, kalmar "ɗanka" ba ado ba ce. Mai maganar bai zama lallai ɗan Alhaji na jini ba, ya dai ajiye kansa a matsayin da zai sa a ji kunyar riƙe masa kuɗi, shi ma a yarda ba zai cuci uba ba. Na uku, "miliyan biyar". A watan Yuli na 2007 Gana ta sauya kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma bakin kasuwa bai bar tsohon lissafi gaba ɗaya ba. Miliyan biyar a nan sidi 500 ke nan. Alhaji ya gane, wayar kuma 500 za a danna mata. Ɗalibin Kano da aka ba wannan saƙo ya fassara ba tare da sanin wannan ba, zai mayar da kuɗin masu lodi jarin attajiri.

Babbar ribar saƙon murya ita ce ya kawar da malamin wasiƙa daga tsakani. Matar da ke sana'a daga cikin gida, da dattijon da bai yi boko ba, kowa na iya aika maganarsa da bakinsa, da karin garinsu, ba tare da wani ya gyara masa ba.

5.0 Abin da saƙon ba ya ɗauka

A tsohon tsari, kamar yadda Hill (1966) ta nuna a kasuwar Kumasi, da Cohen (1969) a Sabon Ibadan, baƙon ɗan kasuwa wurin maigida yake sauka. Maigida ne ke ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in an ba da bashi. Aikinsa kashi biyu ne, sanin farashi da lamuni. Waya ta karɓe na farkon. Binciken Aker (2010) a kasuwannin hatsi na Nijar ya nuna cewa zuwan wayar salula ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Na biyun kuwa waya ba ta iya shi. Shi ya sa mai saƙonmu ya ce "yaron nan ne da ka sani". Yana neman shaida ne, wani mutum mai fuska wanda za a iya kamawa in kaya sun ɓata. Damfarar da ta yaɗu a Gana, inda ake turo saƙon ƙarya cewa an sa maka kuɗi bisa kuskure ka mayar, a wannan giɓi take rayuwa, kuma 'yan damfarar ma sun iya sallama da "Alhaji".

Haka kuma, kafar da ke ɗaukar farashin albasa ita ce ke ɗaukar jita-jita. Rikicin sarautar Bawku da ya sake tashi a ƙarshen 2021 ya jawo dokar hana fita da tsoron hanya, abin da ya ƙara tura ciniki cikin waya. A irin wannan yanayi saƙon murya da aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu yakan iso ba kwanan wata, ba sunan mai magana, ba a san ko na jiya ne ko na bara. Wasiƙa ko ba komai tana ɗauke da sunan wanda ya aiko da rubutun hannun da za a iya ganewa.

Sai kuma batun adana. Muna karanta Hausar Imam Umaru a yau saboda Adam Mischlich, jami'in Jamus a Kete-Krachi, ya tattara rubuce-rubucensa na ajami, har Piłaszewicz (2000) ya buga wasu daga ciki. Hausar da ake ciniki da ita yau a Salaga da Yendi da Bawku ta fi wancan yawa nesa ba kusa ba, amma tana cikin wayoyin da ake gogewa in sun cika, ko su faɗa ruwa.

Ɗalibin da zai ɗauki wannan batu ya fara da neman izinin mai saƙo da wanda aka aika wa, ya cire sunaye da lambobi, ya rubuta ranar da aka yi saƙon da garin mai magana. Sannan ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Misalin da ke sashe na 4.0 yana da wannan aibi, domin an daidaita shi zuwa Kananci don sauƙin karatu. A bakin mutumin Bawku mai yiwuwa "mota ya tashi" za a ji, kuma haka ya kamata a bar shi a layi na farko, daidaitacciyar Hausa ta biyo a layi na biyu.