Mai Haɗa Kiɗa Ya Fito Daga Bayan Mawaƙi

A zamanin da Ibrahim Narambaɗa yake wasa Sarkin Gobir na Isa, maƙwabciyar Shinkafi, kuma Kassu Zurmi yake zuga 'yan tauri, babu wanda ya damu da sanin sunayen yaran da suke riƙe da kayan kiɗa a bayansu, domin al'ada ta hukunta cewa daraja ta shugaban ƙungiya ce, shi kuma ɗaukakarsa tana rataye da ubangidan da yake tufatar da shi, ya ɗora shi bisa doki.

Al'amarin ya soma juyawa a Kano tun shekarun 1990, sa'ad da ɗakunan ɗaukar waƙa irin na Iyan-Tama suka shigo da fiyanon Yamaha, mutum guda ya tsaya a matsayin makaɗa biyar. Bayan haka kwamfuta ta zo, aka sami irin su Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka sani da Ziriums, da DJ AB na Kaduna, waɗanda ba su jira wani ya yi musu kiɗa ba kafin su ɗora baitocinsu na hip-hop. Yau mawaƙi ne yake bin mai haɗa kiɗa da kuɗi da lallashi, har ya ambaci sunansa a farkon waƙa, yadda dā ake buɗewa da kirarin sarki.

A ganina wannan adalci ne da ya daɗe bai zo ba, ba na kuwa cikin masu cewa na'ura ce take aikin, alhali kunne da haƙurin da ake bukata wajen daidaita amo da murya ba a sayen su a kanti. Abin da nake tuhumar masu haɗa kiɗa da shi ɗaya ne: galibinsu sun wadatu da sautukan da suka tarar cikin manhajar FL Studio, waɗanda yaro a Amurka ma da su yake aiki, ga kuwa kotson Musa Ɗanƙwairo da taushin Salihu Jankiɗi, da kalangun da har yanzu ake kaɗawa a dandalin dambe daga Ƙaura Namoda zuwa Zurmi, ƙalilan ne suka ɗauki wahalar kai na'urarsu wurin ma'abutansu. Na san hanyoyin ƙasarmu ba su da aminci a shekarun nan, amma makaɗan suna zuwa Gusau, suna zuwa Kano, ladansu kuma bai fi ƙarfin mai situdiyo ba.