Inda Faifan Zarto Ke Kwana

Ɗauki faifan zarton inji, irin mai inci 10 da ake ɗaura wa teburin yanka katako, ka karkata shi ka dube shi ta bakinsa. Za ka ga haƙoran sun fi jikin faifan kauri. Jikin bai wuce milimita 2 da ɗoriya ba, amma kowane haƙori ya kai milimita 3 da ɗan wani abu, ya leƙo kaɗan ta dama, ya leƙo kaɗan ta hagu. Da gangan aka ƙera shi haka, don hanyar da haƙori ke buɗewa a cikin katako ta fi jikin faifan faɗi, kada katakon ya matse shi ya ɗauki zafi. To amma wannan ɗan leƙowar ita ke sa in aka ɗora faifai a kan faifai, abin da zai fara gamuwa shi ne haƙori da haƙori. Kafintan da ya gane haka, da wuya ka sake ganin fayafayensa a jibge cikin akwati tare da guduma da ƙusoshi. Bango zai nema musu.

Haƙoran nan ba daga jikin faifan aka fitar da su ba. Ƙananan gutsattsari ne na wani haɗi da ake kira kabaid, aka liƙa su ɗaya bayan ɗaya da walda mai narkakken ƙarfe. A 1923 wani Bajamushe mai suna Karl Schröter, da ke aiki da kamfanin Osram, ya samo dabarar haɗa garin tungsten kabaid da ƙarfen kobalt, bayan 'yan shekaru kamfanin Krupp ya fito da shi kasuwa. Shi kansa zarton mai zagaye ya girme wa wannan haɗi nesa, tun 1777 aka yi wa Samuel Miller rajistar injinsa a Ingila, kuma shekaru masu yawa da haƙoran ƙarfe zalla ake aiki, waɗanda ake wasawa da hannu. Kabaid ya zo ya hutar da kafinta daga yawan washi, domin taurinsa ya kusa na lu'ulu'u, yana cin maɗaci da kawo da maɗobiya ya daɗe bai dakushe ba. Sai dai taurin nan da gautsi ya zo. Haƙorin da bai jin komai idan ya shiga katako, ƙaramin karo da ɗan'uwansa, ko faɗuwa a kan daɓen siminti, ya isa ya ɓantare masa kusurwa. Kuma ba a gyara shi da magagari irin na zarton hannu, sai an kai wa mai inji mai dutsen washi na garin lu'ulu'u.

Wani zai ce haƙori ɗaya cikin 40, me ya rage? A yi lissafi. Faifan inci 10 yana juyawa kusan sau 4,000 a minti guda, bakinsa na gudun da ya haura kilomita 180 a awa. Haƙorin nan da ya ɓantare yana dawowa kan katako fiye da sau 60 a kowace daƙiƙa. A kan katakon rufi ba wanda zai kula, amma a kan fuskar filawud na ƙofar kabad, sai ka ga gefen yankan ya tsattsage, ɓawon saman ya tattashi, a dawo ana bi da samfefa ana neman rufa asiri. Idan kuwa waldar haƙorin ce ta yi rauni sanadin faɗuwa, magana ta wuce kyan aiki, ta koma tsaron ido da fuska.

Shi ya sa allon fayafayai ke burge ni a duk shagon da na gan shi, ko da kuwa da guntayen katako aka harhaɗa shi. A 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Kasuwar Katako a Yamai, wurin da inji ke kuka tun safe, fili ya fi komai tsada a cikin shago. Ƙasa ta katako ce da garin katako, tebur na aiki ne, bango kaɗai ke zaune ba aikin fari ba na baƙi. Gwanin kafinta ya san haka, kuma ya san cewa buga ƙusa a bulo a rataye faifai ba ajiya ba ce. Ƙusa tana goge ramin tsakiya, alhali wannan ramin shi ke zaunar da faifai daidai a kan sandar inji, in ya sami tabo ko ya buɗe, faifan zai riƙa rawa. Ga shi kuma jikin faifan zai kwanta kan siminti, wanda da damina yake tsotsar laima yana miƙa wa ƙarfe, kafin ka ankara tsatsa ta yi masa jirwaye.

Don haka da allo yake farawa, filawud mai kaurin milimita 18. Maimakon ƙusa sai ya fere ƙaramin turke na katako, ya mulmule shi ya ɗan gaza ramin faifan, yadda zai shiga ya fita ba gardama. Idan zai huda wa turken gurbi, ba ya miƙar da abin hujin sak, yana ɗan karkatar da shi don bakin turken ya kalli sama. Karkatar ba ta da yawa, amma ita ke sa nauyin faifan ya riƙa jan sa zuwa jikin allo, ko inji ya girgiza bango, ko wani ya bugi allon da kafaɗa, faifan ba zai zamo ba. A gindin turken sai ya zura wani ɗan zoben katako mai kaurin yatsa. Wannan zoben ne ya fi burge ni, domin wanda ya taɓa yankewa ne kawai zai yi tunaninsa. Faifan da ya manne da allo, ba ta inda za ka kama shi sai ta haƙora. Da zoben nan a bayansa, akwai sarari da yatsu za su shiga, ka ɗago shi hankali kwance, babban yatsa a ramin tsakiya.

Tazarar turaku ma da awo ake yinta. Faifan inci 10 faɗinsa milimita 254 ne, don haka gwani yakan bar kamar santimita 30 daga turke zuwa turke, yadda in ana cire ɗaya ba zai shafi maƙwabcinsa ba. Mai inci 12 ya fi haka neman wuri, ƙananan na zarton inji mai riƙewa a hannu masu inci 7 da kwata kuwa a ƙasa ake jera su. Idan bango ya yi kaɗan har dole a haɗa biyu a turke guda, sai a sa faifan kwali ko siririn filawud a tsakani, wanda faɗinsa ya rufe har haƙoran.

Mai fayafayai da yawa yakan bar turke ya koma akwatin bango. Katakai biyu ne a tsaye, an tsaga musu layuka a ciki suna fuskantar juna, kowane faifai da layinsa. A nan akwai wani ɗan sirri da sabon shiga kan faɗa: idan ka tsaga layin sau ɗaya da zarton, faɗinsa zai zo daidai da kaurin haƙoran faifan da ya tsaga shi, wato zai kama faifan gam, sai an yi kokawa kafin ya fito. Gwani yakan tsaga, ya matsar da ma'aunin teburin kaɗan, ya sake bi, layin ya ɗan buɗe. Ya kuma karkatar da layukan su gangara ciki, don faifai ya mirgina baya ya zauna da kansa. Wasu sun fi son kowane faifai ya sami nasa ganyen siririn filawud mai ɗan gajeren turke a tsakiya, ganyen ne ke shiga layin, a jawo shi kamar aljihun tebur, a gefensa an rubuta yawan haƙora da aikin da yake yi. Wannan ya fi cin lokaci wajen haɗawa, amma a ganina ya fi duka, musamman inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, tunda hannu ba ya taɓa haƙori ko kaɗan, kuma ana iya sa masa murfi.

Sai maganar yadda za a rataye shi, domin faifai guda na kusantar kilo ɗaya, goma kuwa kaya ne. Dabarar da na fi yabawa ita ce ta tsaga katako ɗaya a tsaye, an kwantar da zarton a kusurwar digiri 45, ya fita gida biyu masu gangaren baki. A ɗaure rabi ɗaya a bango da sukurori masu roba, bakinsa na kallon sama, gangaren na fuskantar bango. Ɗaya rabin a ɗaure shi a bayan allon yana kallon ƙasa. Da an ɗora, sai su sarƙe, kuma duk nauyin da aka ƙara, ƙara matse su yake yi. Allon ba ya taɓa siminti, iska na bi ta bayansa, ranar da aka tashi sauya shago kuma ɗaga shi kawai za a yi.

Duk wannan aikin hannu ne. Inda ilimin yake fitowa fili shi ne tsarin jerin. Faifai mai haƙora 24, manya masu faɗin rami a tsakaninsu, na tsaga katako ne a tsawonsa, yana kwashe gari da sauri. Mai 40 ko 50 shi ne na yau da kullum. Mai 60 zuwa 80 na yanke katako a kwance ne da filawud, inda ake son baki sumul. Akwai na alminiyam da fomaika mai wani irin sassaƙen haƙori dabam. Sannan akwai tsohon faifai da aka ware wa katakon da ya taɓa aiki, irin na zuba kankare mai guntun siminti da ɓoyayyun ƙusoshi, don kada a kashe mai kyau a kansa. Idan aka jera su daga mai ƙarancin haƙora zuwa mai yawa, suka yi reras kamar jeren kwanukan amarya, ido kaɗai ya isa ya zaɓa.

"Kai yaro, miƙo min na filawud."

"To, maigida."

Yaron ba sai ya ƙirga haƙora ba, ya san na ƙarshe ne ta dama. Da haka, tun bai fara riƙe inji ba, ya riga ya koyi cewa kowane yanka da faifansa. A shagon da fayafayai ke cikin akwati kuwa, wanda ke kan inji shi ke yin komai, don ba mai son tsayawa tono, sai ka ji mai haƙora 80 na gurnani cikin ɗanyen malaina, hayaƙi na tashi, gefen katako ya yi baƙi.

Ramin tsakiya ma ba iri ɗaya ba ne. Injinan Amurka sun fi amfani da rami mai kusan milimita 16, na Turai da yawa milimita 30 ne, akwai mai 20, akwai mai inci guda cif. Tunda shagunanmu cike suke da injinan da suka fito daga ko'ina, sabbi da na hannu, ana yawan buƙatar ƙananan zobban ƙarfe da ke rage faɗin rami, kuma ba abin da ya kai su saurin ɓata cikin garin katako. Gwani yakan kafa musu ɗan turkensu a kusurwar allo, kusa da sifanar kwance faifai. Wani kuma yakan zana da'ira da fensir a bayan kowane faifai ya rubuta lambarsa, don in turke ya zauna wayam a san wanne ne babu, ko yana kan inji, ko maƙwabci ya ara bai dawo da shi ba.

Wurin da za a kafa allon shi ma sai an yi tunani. Kusa da inji, amma ba a samansa ba, kada mutum ya riƙa miƙa hannu ta kan zarto. Daidai ƙirji zuwa ido, nesa da hanyar da dogon katako ke bi idan ana juya shi, nesa da taga da wurin da kwano ke yoyo. Kuma da kyau a ce soket ɗin injin yana nan kusa, a gaban ido. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama a dawo da ita ba sallama, mutum kan ce bari in sauya faifai kafin a kawo, ya manta makunnin na kunne. Zare filogi kafin a taɓa faifai wajibi ne, kuma ya fi sauƙin zama ɗabi'a idan filogin na tsakanin mutum da allon.

Abu na ƙarshe da ke faruwa kafin faifai ya hau turkensa shi ne wanka. Sau da yawa faifan da ake cewa ya dakushe, ƙaron itace ne ya daskare masa a haƙora, ya rufe kaifin, yana jawo zafi. A jiƙa shi da kananzir ko ruwan sabulu a faffaɗan faranti, a bi haƙoran da tsohon buroshin goge baki, ban da na waya, a tsane shi sarai, a shafa masa ɗan mai sama-sama saboda tsatsa. Sannan a ɗaga shi wajen haske a duba haƙori bayan haƙori. Kaifi mai lafiya ba ya ƙyalli, in ka ga ɗan farin layi na walƙiya a bakin haƙori, ya fara mulmulewa ke nan. Irin wannan ba ya komawa cikin 'yan'uwansa. Yana da turkensa can gefe, wanda aka shafa wa jan fenti, kuma idan uku ko huɗu suka taru, sai a sa kwali tsakanin kowane biyu, a ɗaure su da igiyar roba, a ba yaro ya kai wa mai washi.