A buɗe inji ko a sauke shi: hukuncin kanikawan Congo-Russia

Akori-kurar da ta yi shekaru tana kwaso dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu zuwa Farin Gada, ko tana fama da Hawan Kibo da lodi fal bayanta, dole wata rana ta fara cin baƙin mai, ta riƙa nishi a ƙaramin tudu. Daga nan sai gareji, da tambaya guda: a buɗe injin a yi masa obahol, ko a sauke shi a ɗora na Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje? A Jos, a garejojin Congo-Russia da na wajen Dilimi, inda kayan gyara suke, akwai tsofaffin kanikawa da amsa wannan tambaya ce ainihin sana'arsu. Ɗaure noti kowane yaron gareji ya iya.

Gwani ba ya farawa da agogon kilomita. Sau da yawa ya daɗe da tsayawa, ko an juya shi baya tun kafin motar ta shigo hannu. Abin da zai ce shi ne, "Alhaji, bar min ita ta kwana." Da sassafe, cikin sanyin Jos, inji ba ya iya ɓoye ciwonsa. Ya sa yaro ya tayar, shi kuma ya tsaya bayan salansa. Shuɗin hayaƙi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Farin da ya ƙi yankewa bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ke shiga silinda, ko dai gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Sai ya kafa bakin sukundireba a jikin bulok, ya manna kunne a ƙotar. Ƙara siririya daga sama ta bawul ce, ba ta tayar masa da hankali. Bugu mai nauyi daga ƙasa kuwa metal ne ya cinye, sai ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya har ya ji inda bugun ya lafa, ya ce ga silindar da ke da laifi.

Inda nake jinjina musu shi ne wajen awon ƙarfin matsi. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta ba ta kai ta bakin teku nauyi ba da wajen kashi 13 cikin ɗari, don haka lafiyayyen inji ma zai nuna ƙasa da abin da littafin kamfani ya rubuta. Wanda bai san wannan ba sai ya yanke wa inji mai rai hukuncin kisa. Gwani yakan duba tazarar da ke tsakanin silinda huɗun. Wadda ta gaza, ya ɗiga mata baƙin mai ta ramin fulogi ya sake aunawa. In allurar ta tashi, ringi ne ya saki. In ba ta motsa ba, matsalar tana sama, aikin kai ne kawai, ba sai an sauke inji ba. Cokali guda na mai ya hana mutum kashe kuɗin jarinsa.

In har aka buɗe, bulok da kiranshaf ne ke da magana. Kiranshaf ana iya goge shi a wurin masu lesi, a rage milimita 0.25, in an sake a kai 0.50, a sa metal mai kaurin da ya dace. Bulok ma ana faɗaɗa raminsa a sa fistin babba. Amma kowanne yana da iyaka, kuma bakanike na gani ya san sau nawa aka riga shi. Bulok ɗin da ya tsage, ko kwanrod ya huda shi, babu sauran zance. Sannan obahol aikin mutum uku ne: bakanike, mai lesi, da mai shago. Ringin jabu guda ya isa ya mayar da motar gareji kafin damina ta fita, kuma bakaniken za a zaga.

Sayen na Beljiyam kuwa cinikin biri a sama ne. Injin yana zaune a ƙasa a Ladipo ta Legas, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko nan Dilimi, ba wanda ya ji kukansa. Bakanike zai buɗe murfin mai ya leƙa ko da datti ya daskare, ya juya injin da sifana ya ji tauri a kowace silinda, ya duba kawunan notuka ko sifana ta taɓa cin su. Injin da ya cika sheƙi shi ya fi zargi, don akwai waɗanda a nan ƙasar suka gaji, aka wanke su aka fesa fenti. Ya kuma tabbatar zai zauna: tsohuwar Hilux mai 22R da kafireto ba ta da rigima, amma mai 2TR sai wayoyi da burenbos sun yarda. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin waɗannan injuna ya yi tashin gwauron zabi, obahol ya dawo da martabarsa. Masu Fijo 504 akori-kura, irin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, su dama buɗewa suka saba, don samun injinta mai sauran ƙarfi ya yi wuya.

Sauran lissafin na mai motar ne, kuma bakanike na ƙwarai yana yi masa shi. Obahol kan ci mako ɗaya ko biyu, sannan a tafi da motar a hankali har ringi ya zauna. Ɗora inji kwana biyu ne. In ana tsakiyar fitar dankali, zai ce, "Maigida, ɗora wani ka ci kakarka, tsohon ka bar shi nan mu gina shi a nitse," ko da yake kuɗin aikin obahol ya fi masa kauri. Kafin ya ɗaure ko ɗaya, sai ya nemo abin da ya kashe na farko. Yawanci lagireto ne da ya toshe, ko famfon ruwa, ko baƙin man da ya wuce lokacinsa, kuma sai an gyara wannan yake yarda a sa makulli.