Ina Ganɗoki Ya Kai Takobinsa?

An saba kiran Ganɗoki littafin jarumta, a tsaya nan. Ni kuwa labarin shan kaye nake gani a cikinsa. Bello Kagara ya rubuta shi ne don gasar 1933 wadda Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya. Wato alƙalin gasar Bature ne, gwarzon labarin kuma mutum ne da ya yaƙi Turawa.

Duba yadda marubucin ya ɓullo wa wannan tsaka mai wuya. Muddin Ganɗoki yana ƙasar Hausa, tarihi ya ɗaure wa alƙalami hannu, don kowa ya san yadda aka kwashe a Burmi a 1903. Sai Kagara ya tura shi gabas, cikin aljanu da dodanni, inda takobi bai daina ci ba. Nasarar da bindiga ta hana shi a gida, can ya samo ta.

Da ya dawo, sai ga shi yana yaba mulkin Nasara. Wasu na cewa miƙa wuya ne. Wataƙila. Amma a shafukan yaƙi Hausar Kagara tafasa take yi, kirari na bin kirari. Yabon kuwa salam yake, kamar gaisuwar dole a gaban Razdan.