Ɗan aiken da ba ya buɗe wasiƙa a hanya

A Kazaure, garin da gwamnatin Saminu Turaki ta kafa wa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta, na ga wata gwaninta da ba kowa ke lura da ita ba. Matasa uku ne ke haɗa manhaja tare: ɗaya a cikin gari, ɗaya a Roni, ɗaya a Babura. Aikinsu na ajiye a Git, rumbun nan da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, mai riƙe tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. In ɗayansu ya taɓa aikin da dare, sauran ba sa sani sai sun leƙa.

Sai babbansu ya ɗaura wa rumbun wani ɗan umarni da masu sana'ar ke kira ƙugiya. Da zarar gyara ya sauka a sabar, umarnin zai tashi ya aika imel: wane ne ya yi, wane fayil, wane layi.

Wannan ana koyonsa a yini guda. Inda na sara masa shi ne wajen tsaro. Wajen aika imel ɗin, bai bi ta ƙofa mai lamba 25 ba, inda saƙo kan iya fita tsirara. Ya zaɓi ta 587, ya kuma gindaya sharaɗi: sai an kulle hanya da TLS kafin a miƙa kalmar sirri. In kullewar ta ƙi, saƙon ya haƙura ya zauna.

Kalmar sirrin kuwa bai rubuta ta cikin umarnin ba, domin Git ba ya mantuwa; abin da ya shiga tarihinsa, ko an goge shi gobe, yana nan a baya. Ya ajiye ta a wani fayil daban da asusu ɗaya tak ke iya buɗewa. Ba ma ainihin ta akwatinsa na Google ba ce. Tun da Google ya toshe tsohuwar hanyar shiga a 2022, sai a karɓi wata ta musamman mai haruffa 16, wadda za a iya sokewa ita kaɗai.

Da ya gama, ya canza harafi ɗaya ya tura, ya ɗaga waya ya kira na Roni: "Malam, ya shigo? Duba har akwatin tarkace." Saƙon na babban akwati.

Ɗaliban Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure, don Allah ku koyi wannan tun kafin aikinku na ƙarshe.